Yadda Ake Saita Lasifika Magana Ta Fita Tas a Masallaci da Wurin Taro

Tun da aka fara shirin tafsirin azumi saƙonni ke shigo mini, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce daga bakuna daban-daban. Wani ɗan kwamitin masallaci ne a Mabera, wani yaron mai hayar kayan sauti ne a Runjin Sambo, wani kuma ladani ne da aka ɗora wa kula da na'ura don shi ke riga kowa zuwa. Kukansu ɗaya: an sayi kaya masu tsada, ƙara tana kaiwa har layi na uku, amma na sahun baya ba ya gane abin da malam ke faɗa, da an ƙara murya kuma sai sifika ta ɗauki kuka. A mafi yawan wuraren da na duba, ƙarfin ya isa har ya yi yawa. Abin da ya ɓace shi ne ɓangaren sautin da ke ɗauke da ma'anar magana, gurnani da amsa-kuwwa sun danne shi. Ga yadda ake bin aikin daki-daki. Ka bi shi a jere, don wanda ya fara da murɗa bas kafin ya gyara mazaunin sifika zai wuni yana murɗawa a banza.

Kayan aiki da inda ya kamata kuɗi su tafi

Kana buƙatar makirufo, miksa (na'urar da ake haɗa makirufo a daidaita sauti), amfilifaya (mai ƙara wa sauti ƙarfi ta tura sifika), sifikoki, wayoyin haɗi, sitabilaiza, mitar gwajin waya irin ta masu gyaran rediyo, da wayar hannu da ka saukar wa manhajoji biyu na kyauta: mai nuna zangon sauti da mai auna ƙarfinsa. Awon wayar hannu bai kai na ƙwararrun na'urori daidaito ba, amma ya ishe ka wannan aiki.

Farashi yana bin dala, don haka ka zaga Babbar Kasuwa ka tambayi shago fiye da ɗaya a ranar da za ka saya. Abin da zan tsaya a kai shi ne rabon kuɗin. Kwamitoci sun saba zuba kusan komai a babbar amfilifaya, sannan a cike da makirufo mai araha da wayar da ake yankowa daga nadi. Ka juya lissafin. Makirufo mai kyau irin Shure SM58 na asali, ko wani mai waya daga kamfanin da aka sani, da wayoyi masu baki uku da ake kira XLR, sun fi gyara sauti a kan ƙarin wat ɗari biyar. Dalili kuwa, ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali sai an ƙara wajen desibel 10 kunne ke jin ƙara ta ninka.

Hattara: lambar wat ɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali, wadda ake bi da PMPO, talla ce. Ka nemi wadda aka rubuta RMS. In kayan na hannu ne, kada ka biya sai an kunna maka ka yi magana a ciki da bakinka.

Mataki na 1: San inda kowane sauti yake zaune

Sauti kaɗawar iska ce. Yawan kaɗawar a cikin daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da hats, ana rubuta shi Hz. Kaɗawa kaɗan tana ba da sauti mai kauri, kaɗawa da yawa tana ba da siriri. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz, kuma saman yana raguwa da shekaru, har manya da yawa ba sa jin abin da ya haura 15,000. Duk maɓallan da ke kan miksa wani yanki na wannan tazara suke taɓawa, don haka ka riƙe waɗannan a ka.

Daga 20 zuwa 80 Hz: girgiza ce da ƙirji ya fi kunne jin ta. A wurin biki tana da amfani. A wurin karatu ba ta ɗauke da komai sai rugugin iska, motsin hannu a jikin makirufo da gurnanin wutar lantarki, wanda a Najeriya yake zaune a 50 Hz.

Daga 80 zuwa 250: nan tushen murya yake. Ta namiji tana farawa tsakanin 85 da 180, ta mace tsakanin 165 da 255. Nan ma dukan ganga yake. Kaɗan daga cikinsa yana ba murya cika, in ya yi yawa sai ta riƙa kumbura tana cika ɗaki.

Daga 250 zuwa 500: wurin da ya fi ɓata sauti a masallatanmu masu tayil da rufin kwano. In ka ji murya a dagule, ba ka raba kalma da kalma, fara zargin nan.

Daga 500 zuwa 2,000: jikin magana, inda wasula ke da ƙarfi. Yawansa a wajen 1,000 yana sa murya ta koma ta hanci.

Daga 2,000 zuwa 4,000: nan ne zuciyar aikin. Kunnen ɗan Adam ya fi kaifi a wannan yanki, kuma a nan baƙaƙe ke rarrabuwa, a ji bambancin k da ƙ, t da ts, d da ɗ. Mutum zai iya jin muryar malam rangaɗau daga nesa amma ya kasa kama jimla ɗaya, saboda wasulan sun iso shi, baƙaƙen sun mutu a hanya. Ka lura da wayar tarho ta da: daga 300 zuwa 3,400 Hz kawai take ɗauka, ba bas ko kaɗan, amma kowa yana gane maganar ɗan'uwansa.

Daga 4,000 zuwa 8,000: kaifin s da sh da f. Mai karatun Alƙur'ani yana buƙatarsa don sinun da sadun su fita daban, amma in ya wuce kima sai ya riƙa sukar kunne. Abin da ya haura 8,000 sheƙi ne kawai, ya fi amfani ga kiɗa.

Akwai wani abu guda da zai yi maka jagora a mataki na 3. Igiyar sauti mai 100 Hz tsawonta ya kai wajen mita 3.4, ta 10,000 Hz kuwa santimita 3.4. Shi ya sa mai kauri ke zagaye ginshiƙi, ya ratsa bango, ya shiga gidan maƙwabta, siriri kuwa yake tafiya kamar hasken tocila: inda aka haska nan yake zuwa, duk abin da ya gitta ya tare shi.

Mataki na 2: Gyara wuta kafin komai

Miksa da amfilifaya da duk abin da ke haɗe da su su sha wuta daga wuri ɗaya, ta bayan sitabilaiza. In miksa tana kan soket ɗin mumbari, amfilifaya kuma tana kan wani a bayan masallaci, sau da yawa daga nan gurnanin nan na 50 Hz ke shigowa, kuma babu maɓallin da zai cire shi tas. Wayar makirufo kada ta kwanta a jere da wayar wuta. In dole ne su haɗu, su gitta juna. Janareta a kai shi nesa, bayan gini, kuma kada fanka ko firij ko injin ruwa su raba layi da kayan sauti.

Hattara: wasu suna cire ƙafa ta uku ta fulogi don gurnani ya tafi. Kada ka yi. Ita ce ke kai wuta ƙasa in na'ura ta samu matsala. In babu ita, leɓen mai magana ne zai zama hanyar.

Mataki na 3: Ajiye sifika a inda ya dace

Rabin matsalar da ake kira na a kai nan take ƙarewa, ba tare da an sayi ko allura ba. Sifika ta kasance a gaban makirufo, tana ba shi baya, tana fuskantar jama'a. A ɗaga ta sama da kan mutumin da ke tsaye, a ɗan sunkuyar da ita ta kalli sahun da ke kusa da ƙarshe. In tana ƙasa, sahun farko zai shanye siraran sautin da jikinsa da manyan riguna, na baya ya samu gurnani kawai. In ta kalli bangon baya kai tsaye, sautin zai dawo ya hau kan wanda ke biye da shi. Kada kuma a cusa ta a kusurwa, don kusurwa tana ƙara kauri.

A fili, duk lokacin da nisa ya ninka sau biyu ƙarfi yana raguwa da desibel 6. Wanda ke mita 16 daga sifika yana jin ƙasa da na mita 2 da desibel 18. Shi ya sa ƙoƙarin isar da sifika ɗaya har ƙarshen haraba ke kurmantar da dattawan sahun gaba. Ƙananan sifikoki da yawa, kowace a hankali, sun fi manya biyu masu tsawa.

Sai dai ƙarin sifika a baya yana zuwa da tasa matsalar. Sauti yana tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa in zafi yana digiri 20, a zafin Sakkwato na watan Afrilu mai digiri 40 kuwa yana kai 355. A waya kuma nan take yake isa. Mutumin da ke zaune gindin sifikar baya zai ji ta tukuna, sannan ta gaba ta iso shi a makare. In tazarar ta wuce mita 15 zuwa 17, sai ya ji kalma sau biyu. Maganinsa na'urar jinkiri, wadda miksoci na zamani da yawa suke da ita a ciki: a jinkirta ta baya da wajen milisakan 3 (kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa) a kan kowace mita, wato mita 30 na neman wajen milisakan 90. In babu na'urar, a rage ƙarfin ta gaba yadda ba za ta kai can ba, kuma duk sifikokin su kalli waje ɗaya, kada wata ta fuskanci wata.

Ƙahon da ke kan hasumiya a raba shi da na ciki, ya samu nasa maɓallin. Da asuba iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, sauti yana lanƙwasowa ƙasa ya yi nisa. Da rana tsaka kuwa sama yake tashi. Ƙarfin da ya dace da azahar ya yi yawa da asuba, kuma a unguwa akwai marasa lafiya da jarirai.

Mataki na 4: Haɗa wayoyi da lissafi

Ja ga ja, baƙi ga baƙi, a kowace sifika. In aka juya ɗaya, tana turawa 'yar'uwarta tana ja, sai kaurin murya ya zube a tsakiya. Sannan duba lambar om, wato ma'aunin nauyin da sifika ke ɗora wa amfilifaya, da ke bayan kowace. Sifika biyu masu om 8 in aka haɗa su a baki ɗaya sun koma 4, huɗu sun koma 2. Amfilifayar da aka rubuta wa 4 in ka ɗora mata 2 za ta yi zafi ta yanke, ko ta ƙone.

Amfilifayoyin masallaci irin su Ahuja da TOA suna da wani bakin da aka rubuta 70V ko 100V. Shi ne na waya mai tsawo da ƙahoni da yawa, amma sai kowane ƙaho yana da ɗan taransifoma nasa. Ka tara wat ɗinsu duka, kada jimlar ta wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin amfilifaya.

Hattara: ƙaho marar taransifoma a bakin 100V ƙonewa zai yi. Kada kuma a yi amfani da bakin om da bakin 100V a lokaci guda.

Mataki na 5: Kunnawa da saita ƙofar shiga

Rage komai ƙasa. Kunna miksa tukuna, amfilifaya a ƙarshe. Maɓallan HIGH da MID da LOW, wato na siririn sauti da matsakaici da mai kauri, duk a tsayar da su tsakiya, eko a kashe. Sai wani ya tsaya daidai inda malam zai zauna ya yi karatu da ƙarfin da malam ke kaiwa in wa'azi ya yi zafi. Hura iska da buga kan makirufo ba gwaji ba ne, lalata shi suke yi. Yana karatu kana ɗaga GAIN, maɓallin ƙofar shiga, a hankali har fitilar PEAK mai nuna an kai maƙura ta fara ƙiftawa jefi-jefi, sai ka ɗan koma baya ta daina. Daga nan ka tura maɓallin layin zuwa alamar 0, babban maɓalli ma haka, sannan ka buɗe amfilifaya har ƙara ta isa wurin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar GAIN a ƙasa a ƙure amfilifaya, sai shuuu ta cika wuri. Ko a ƙure GAIN a rage sauran, sai murya ta riƙa fashewa. Murya mai fashewa ita ke ƙona ƙaramar sifikar sama mai fitar da siraran sauti, ko da amfilifayar ƙarama ce.

Bakin mai magana ya kasance yatsu biyu zuwa huɗu daga makirufo. Wannan sai an faɗa da ladabi. Kafin a fara zama ka matsa ka ce, "Allah shi gafarta Malam, in an ɗan matso da shi kusa da baki, na baya za su fi ji." Ban taɓa ganin malamin da ya ƙi ba.

Mataki na 6: Gyaran zango, a fara da ragewa

Danna maɓallin da aka rubuta HPF ko LOW CUT a kowane makirufon magana. Yana yanke abin da ke ƙasa da 80 ko 100 Hz, kuma murya ba ta rasa komai. Daga nan ka bar miksa ka taka zuwa sahun baya ka saurara da kunnenka, don abin da ake ji a gindin na'ura daban yake da abin da jama'a ke ji.

In murya ta kumbura, rage LOW kaɗan. In a dagule take kuma miksarka tana da maɓallin zaɓen zango a MID, kai shi wajen 300 zuwa 400 ka rage desibel 3 zuwa 4. Ka sake saurare. Sau da yawa za ka tarar baƙaƙen sun fito da kansu, don dama suna nan, rufe su aka yi. Sai in har yanzu da saura ne za ka ƙara desibel 2 ko 3 a wajen 3,000. In s tana suka, rage tsakanin 6,000 da 8,000. Ka taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka saurara, sannan ka taɓa na gaba.

Ina roƙon matasa masu ikwalaiza, na'urar rage ko ƙara kowane zango, mai maɓallai 15 ko 31, su daina ɗaga gefe da gefe suna danne tsakiya. Wannan saitin na kiɗa ne a mota. A wurin wa'azi ko ɗaurin aure, tsakiyar da ka danne ita ce maganar da mutane suka taru su ji.

Ƙaho ba a yi shi don bas ba. Yawancinsu ba sa fitar da abin kirki ƙasa da 250 zuwa 300 Hz, kuma tura musu kauri yana yaga fatar ciki ya ƙona nadin waya. A layin ƙaho, bas a ƙasa yake zama. Masu biki da ke da manyan akwatunan bas kuwa su raba musu aiki a wajen 100 Hz: abin da ke ƙasa ya tafi akwatunan bas, na sama ya tafi sifikokin da ke kan sanda, kuma muryar sanƙira ko mai gabatarwa kada ta shiga akwatin bas.

Batun eko: na san masu karatu da yawa suna son sa, kuma a fili kaɗan daga cikinsa yana yi wa ƙira'a kyau. Amma masallaci mai tayil da siminti yana da nasa amsa-kuwwar, ƙara masa na na'ura haɗa kalmomi yake yi. In za a sa, a sa wa mai jan baƙi kaɗan, a bar makirufon mai fassara babu.

A tuna kuma da yanayi. Wurin da ka saita babu kowa zai sauya in ya cika, don jikin mutane yana shanye amsa-kuwwa da siraran sauti. Busasshiyar iskar hunturu ma ta fi iskar damina cin siraran sauti a fili mai nisa. Don haka ka zauna kusa da miksa a mintocin farko na zama.

Mataki na 7: Maganin kukan sifika

Kuka yana tashi ne in makirufo ya ji abin da sifika ta fitar ya sake mayar mata. Kafin ka taɓa ikwalaiza, duba abu huɗu: ko makirufo yana gaban sifika, ko bakin mai magana ya yi nisa, ko ya dunƙule kan makirufon da tafin hannu, ko akwai wasu makirufo a buɗe da ba a amfani da su. Dunƙule kai yana toshe ramukan da ke hana shi jin sautin baya. Yawan makirufo a buɗe kuwa, duk ninki biyu yana cinye desibel 3 daga abin da za ka iya ƙarawa kafin kuka.

In duk wannan ya daidaita, sai a yi farautar zangon tun jama'a ba su zo ba. Buɗe manhajar zangon sauti, ka ɗaga babban maɓalli sannu a hankali har ka ji wata 'yar ƙara ta fara tasowa. Wayar za ta nuna layi ɗaya ya yi tsini. Nemo lambar da ta fi kusa da shi a ikwalaiza ka rage desibel 3. Sake ɗagawa, wani zai fito, shi ma ka rage. Kunne ma yana koya: mai "huuu" yana tsakanin 250 da 500, mai kama da fito yana wajen 1,000 zuwa 2,000, mai tsinin da ke sa a toshe kunne ya haura 4,000.

Hattara: ka tsaya a zango huɗu ko biyar. In ka wuce haka muryar kanta kake yankewa, kuma alama ce mazaunin sifika ne bai yi ba, sai ka koma mataki na 3. Kada ka bar kukan ya yi ƙarfi lokacin gwaji, daƙiƙoƙi kaɗan sun isa su ƙona sifikar sama.

Mataki na 8: Auna ƙarfi don kare kunne

Tsaya a sahun gaba da manhajar awo. Magana a cikin masallaci ba ta buƙatar wuce desibel 70 zuwa 80. Ƙa'idar masana lafiyar ma'aikata ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 kuwa minti 15. Wuraren biki da yawa suna kaiwa can, ga yara suna rawa a bakin akwati. Ka janye su daga nan. Kai ma mai aikin, in ka koma gida kunnenka yana ƙugi, ka wuce kima a ranar, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Abin takaicin, yankin 4,000 Hz yake fara tafiya, sai mai saiti ya riƙa ƙara kaifi yana azabtar da jama'a bai sani ba.

Mataki na 9: Kashewa da adanawa

Amfilifaya ake fara kashewa, sannan miksa. In an ɗauke wuta ana cikin aiki, yi maza ka kashe amfilifaya kafin a tada janareta, sai wuta ta zauna ka mayar. Ɗauki hoton fuskar miksa da wayarka bayan saiti ya yi daidai, ka manna takarda da sunan kowane layi, don ranar da ba ka nan na'ibi ya iya mayar da komai mazauninsa. Naɗe wayoyi a zagaye ba tare da karya su a gwiwar hannu ba, cire batiri daga makirufo marar waya, ka lulluɓe miksa da amfilifaya da ƙyalle bayan sun huce. Ƙurar hunturu ce ke shiga maɓallai ta sa su ƙarar-ƙarar in an murɗa, ita ce kuma ke toshe fankar amfilifaya, don haka duk mako ka share ramukan iskar da busasshen buroshi.